Kai rahoton saƙonnin banza da na cin zarafi

Kai rahoton saƙonnin banza da na cin zarafi shi ne sanar da kamfanin da ke samar da imel, ko kamfanin layin waya, ko wata hukuma, cewa an aiko wa mutum saƙon da bai nema ba, ko na damfara, ko na barazana da zagi. Rahoton yana taimaka wa kamfani ya gyara matatar da ke tace saƙonni, ya rufe asusun da ake aika saƙon da shi, kuma yana iya zama mafarin binciken jami'an tsaro. A Najeriya da Jamhuriyar Nijar akwai dokoki da hukumomin da ke kula da wannan lamari. A garuruwan kan iyaka irin su Illela a jihar Sakkwato, inda mutane da yawa ke amfani da layukan ƙasashen biyu, sanin inda ya dace a kai ƙorafi yana da muhimmanci ga 'yan kasuwa da ɗalibai.

Ma'ana da rabe-rabe

Saƙon banza shi ne wanda aka aika wa mutane masu yawa a lokaci guda ba tare da sun nema ba. A Turanci ana kiransa spam. Kalmar ta samo asali ne daga sunan wani naman gwangwani da kamfanin Hormel na Amurka ya fara sayarwa a 1937. A 1970 'yan wasan barkwanci na Monty Python a Ingila suka yi wani shiri inda ake ta maimaita sunan naman har ya hana jin sauran magana, daga nan masu amfani da kwamfuta suka ari sunan suka laƙaba wa duk saƙon da ke cika wuri ba gaira ba dalili.

Saƙonnin da ake kai rahotonsu sun kasu kamar haka:

1. Tallan da ba a nema ba, kamar na magani, caca ko bashi.
2. Damfarar biyan kuɗi tun farko, wadda aka fi sani da 419. Ana yi wa mutum alkawarin gado, kwangila, aiki ko tallafi, sai a ce ya fara biyan wani ɗan kuɗi.
3. Tarkon satar bayanai, inda saƙo ke zuwa da kamannin na banki ko na hukuma don a karɓi kalmar sirri, lambar katin banki ko lambar BVN.
4. Saƙo mai ɗauke da muguwar manhaja, wadda ke shiga waya ko kwamfuta idan aka buɗe fayil ɗin da aka maƙala.
5. Saƙon cin zarafi, wato zagi, tsoratarwa, ko barazanar yaɗa hotuna da sirrin mutum idan bai biya kuɗi ba.

Kashi huɗu na farko galibi na'ura ce ke watsa su ga dubban mutane. Na biyar kuwa mutum ɗaya ake nufi da shi, shi ya sa hanyar tunkararsa ta bambanta.

Tarihi

Saƙon da aka fi ɗauka a matsayin na banza na farko shi ne wanda Gary Thuerk, ma'aikacin talla a kamfanin Digital Equipment Corporation, ya aika wa kimanin mutum 400 a kan ARPANET a watan Mayun 1978. Waɗanda suka karɓa sun fusata, kuma masu kula da hanyar sadarwar sun ja wa kamfanin kunne. A watan Afrilun 1994 wasu lauyoyi biyu a Amurka, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallan neman takardar zama a Amurka zuwa dubban zaurukan Usenet, abin da ya buɗe ƙofar yin wannan aiki a matsayin sana'a.

Bayan bayyanar imel na kyauta, wato Hotmail a 1996 da Yahoo Mail a 1997, matsalar ta ƙaru. A watan Mayun 1997 aka fitar da ƙa'idar intanet mai lamba RFC 2142, wadda ta tanadi cewa masu gudanar da hanyoyin sadarwa su keɓe adireshin da ya fara da abuse@ don karɓar ƙorafi. A 1998 aka kafa Spamhaus da SpamCop, waɗanda ke tattara adireshin na'urorin da ke watsa saƙon banza. A 2002 Paul Graham ya yaɗa dabarar tace saƙo ta hanyar lissafin yawan fitowar kalmomi, kuma a 2003 Amurka ta yi dokar CAN-SPAM.

A Najeriya damfarar wasiƙa ta girmi imel, domin a shekarun 1980 ana yin ta ne ta gidan waya da na'urar faks. Lambar 419 ta fito daga sashe na 419 na kundin Criminal Code, wanda ke aiki a jihohin kudu. Jihohin arewa, har da Sakkwato, suna bin tsarin Penal Code tun 1960, amma sunan 419 ya bazu ko'ina har ya shiga Hausar yau da kullum. Ɗaya daga cikin manyan shari'o'in wannan damfara ita ce ta Emmanuel Nwude, wanda aka samu da laifi a 2005 kan karɓar dala miliyan 242 daga wani jami'in bankin Banco Noroeste na Birazil da sunan kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja.

Yadda rahoto ke aiki

Idan mai amfani da Gmail, Outlook ko Yahoo Mail ya danna maɓallin kai rahoto, abubuwa uku kan faru. Na farko, saƙon zai koma akwatin saƙonnin banza. A Gmail ana goge abin da ke cikin wannan akwati bayan kwana 30. Na biyu, kamfanin zai karɓi bayanan saƙon ya ƙara su cikin abin da matatarsa ke koyo da shi, ta yadda za ta gane makamancinsa a akwatin wasu. Na uku, darajar mai aikawa za ta ragu. Kamfanonin imel suna auna kowane sunan yanki da kowane adireshin IP da yawan ƙorafin da ake yi a kansa, kuma wanda ƙorafi ya yi masa yawa saƙonninsa sukan daina isa akwatin mutane.

Wasu kamfanoni suna mayar wa mai aikawa labarin ƙorafin ta wani tsari na musamman da ƙa'idar RFC 5965 ta 2010 ta fayyace, domin kamfani mai gaskiya ya cire wanda ba ya so daga jerin sunayensa. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsananta sharuɗɗa ga masu aika saƙo da yawa. A wajen Gmail, duk mai aika saƙo kusan 5,000 a rana dole ne ya tabbatar da asalinsa, ya sa hanyar cire suna da dannawa ɗaya, kuma kada yawan ƙorafin da ake yi a kansa ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Wannan na nufin ƙorafin mutum uku cikin dubu ya isa ya jawo wa mai aikawa matsala. A sanarwar da Google ya fitar a watan Oktoban 2023 ya ce Gmail na tare saƙonnin da ba a so kusan biliyan 15 a kowace rana.

Goge saƙo kawai ba ya sanar da kamfani komai. Toshe mai aikawa kuma yana kare mutum ɗaya ne daga adireshi ɗaya, alhali ɗan damfara na iya buɗe sabon adireshi cikin mintuna.

Bayanan kan saƙo

Kowane imel yana da sashe biyu: jikin saƙon da ake karantawa, da bayanan kan saƙo waɗanda yawanci suke ɓoye. Sunan da ke bayyana a wurin mai aikawa ana iya ƙirƙirarsa, kamar yadda mutum zai iya rubuta sunan wani a bayan ambulan. Abin da ya fi wuyar ƙirƙira shi ne layukan da kowace sabar ke ƙarawa yayin da saƙo ke ratsa ta. Waɗannan layuka suna farawa da kalmar Received, kuma sabuwar sabar tana ɗora nata a sama, don haka ana bin sawun tafiyar saƙo daga ƙasa zuwa sama. Layukan sama, waɗanda kamfanin mai karɓa ya rubuta, su ne aka fi amincewa da su.

A nan ne kuma ake ganin sakamakon gwaje-gwaje uku na tabbatar da asali. SPF yana duba ko sabar da ta aiko saƙon tana da izinin aikawa da sunan wannan yanki. DKIM sa hannu ne na lissafi da ke nuna ba a sauya saƙon a hanya ba. DMARC yana faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi gwajin. Saƙon da ya ce daga banki yake amma ya faɗi waɗannan gwaje-gwaje abin zargi ne ƙwarai. Cin gwajin kuma ba shaidar gaskiya ba ne, domin ɗan damfara na iya yin rajistar sunan yanki mai kama da na banki, da bambancin harafi ɗaya.

A Gmail na kwamfuta ana ganin waɗannan bayanai ta zaɓin Show original. Da adireshin IP ɗin da aka samu ana iya bincika mai shi a rumbun WHOIS. Adiresoshin nahiyar Afirka suna ƙarƙashin AFRINIC mai hedikwata a Moris, sunayen yanki masu ƙarewa da .ng kuma suna hannun ƙungiyar NiRA, yayin da .ne na Nijar ne.

Matakan kai rahoto

Masana tsaron intanet suna ba da shawarar bin waɗannan matakai:

1. Kada a ba da amsa, kada a danna mahaɗi, kada a buɗe fayil. Amsa tana tabbatar wa mai aikawa cewa adireshin yana aiki.
2. A yi amfani da maɓallin da ya dace. Na saƙon banza daban yake da na tarkon satar bayanai.
3. Maɓallin cire suna ya dace ne da saƙon kamfanin da mutum ya sani kuma ya taɓa yin rajista da shi. A saƙon da ba a san asalinsa ba yana iya zama tarko.
4. Idan za a rubuta wa kamfanin da saƙon ya fito daga wajensa, a tura cikakken saƙon tare da bayanan kansa, zai fi kyau a matsayin fayil ɗin da aka maƙala. Turawa ta yau da kullum tana zubar da yawancin bayanan. Ƙungiyar APWG, wadda aka kafa a 2003, ita ma tana karɓar rahoton tarkon satar bayanai.
5. Idan an yi amfani da sunan banki ko hukuma, a sanar da su ta lambar da ke bayan katin banki ko ta zuwa ofishinsu, a guji lambar da ke cikin saƙon.
6. Idan an riga an ba da kalmar sirri, a sauya ta nan take a kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Idan kuɗi sun fita, a garzaya banki don a rufe asusun a kuma bi sawun kuɗin. Wanda bai gamsu da matakin bankinsa ba yana iya kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

Game da saƙon barazana ko cin zarafi, abu na farko shi ne adana shaida. A ɗauki hoton allo mai nuna lamba ko adireshi, kwanan wata da lokaci, kuma kada a goge ainihin saƙon. Bayan haka ne za a kai rahoto a toshe. A WhatsApp, kai rahoto yana tura wa kamfanin saƙonni biyar na ƙarshe da mutumin ya aiko. Barazanar kisa, garkuwa ko neman kuɗin fansa magana ce ta jami'an tsaro kai tsaye. Wanda ake yi wa barazanar tona asiri ana ba shi shawarar kada ya biya, domin biyan farko yakan jawo neman na biyu, kuma ya sanar da wani babba da ya amince da shi.

Dokoki da hukumomi a Najeriya

Babbar dokar ita ce ta laifukan intanet ta 2015, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun wannan shekara. Sashe na 32 ya tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1 ko duka biyun ga mai kafa tarkon satar bayanai, da mai watsa saƙon banza da niyyar dagula aikin kwamfuta. Sashe na 24 ya shafi barazana da muzgunawa ta intanet. Wannan sashe ya sha suka saboda yadda aka riƙa kama 'yan jarida da shi, har kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. A watan Fabrairun 2024 shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan gyaran dokar, wanda ya taƙaita faɗin sashen.

Damfarar 419 tana ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 2006, kuma hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003, ita ce kan gaba wajen gurfanar da masu yin ta. Rundunar 'yan sanda tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, sannan akwai ngCERT a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta kuma bai wa mutum damar ƙin amincewa a yi amfani da bayanansa wajen aiko masa da talla.

A ɓangaren waya, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ƙaddamar da lambar 2442 a watan Yulin 2016. Mai layi yana tura kalmar STOP zuwa 2442 don tsayar da duk saƙonnin talla, ko HELP don ya zaɓi irin waɗanda yake so. Idan kamfanin layi bai magance ƙorafi ba, ana kiran hukumar kyauta a 622. Tsarin 2442 ya shafi tallan da ke bi ta kamfanonin layi da abokan hulɗarsu, ba ya hana ɗan damfara aiko da saƙo daga lambarsa ta kansa.

A Jamhuriyar Nijar

Nijar ta yi dokar yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 a watan Yulin 2019. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna ta intanet, amma gwamnatin soja ta dawo da shi a watan Yunin 2024. Hukumar ARCEP ce ke sa ido a kan kamfanonin sadarwa irin su Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom, yayin da HAPDP ke kula da kare bayanan jama'a.

Halin da ake ciki a Illela

Illela hedikwatar ƙaramar hukuma ce a arewacin jihar Sakkwato, kimanin kilomita 85 daga birnin Sakkwato, kuma tana fuskantar Birnin Ƙonni na jihar Tawa a Nijar. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutum 150,489. Garin ya shahara da kasuwar dabbobi da hatsi da ke haɗa fatake daga ƙasashen biyu, kuma yana cikin iyakoki huɗu na farko da Najeriya ta sake buɗewa a watan Disambar 2020 bayan rufewar da aka yi a Agustan 2019. An sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka buɗe a watan Maris na 2024.

Yanayin garin ya sa batun kai rahoto ya ɗauki salo na daban. Ɗan kasuwa ko ɗan canji kan riƙe layi mai farawa da +234 da wani mai farawa da +227, yana mu'amala da naira da sefa. Lambobin 2442 da 622 na layin Najeriya ne kaɗai. Saƙon da ya shigo ta layin Nijar ana kai ƙorafinsa ga kamfanin layin da ARCEP ne, ko da mai wayar yana zaune a Illela. Imel da WhatsApp kuwa ba ruwansu da iyaka, maɓallin rahoto ɗaya ne a ɓangarorin biyu.

Lokacin da iyaka ke rufe, ciniki yakan koma ta waya da tura kuɗi ba tare da an haɗu ido da ido ba, kuma irin wannan yanayi yana buɗe wa masu damfara ƙofa. Daga cikin saƙonnin da aka sani a arewacin Najeriya akwai alat na bogi, wanda ke nuna wa mai kaya ko mai POS cewa kuɗi sun shigo alhali ba su shigo ba, da saƙon da ke cewa za a rufe asusu sai an sabunta BVN ko NIN, da na gwanjon motocin kwastan da ɗaukar aikin kwastan ko shige da fice. Hukumar kwastan ta sha gargaɗin jama'a game da irin waɗannan sanarwa na ƙarya. Maganin alat na bogi shi ne duba ragowar kuɗi a manhajar banki kafin a saki kaya.

Akwai kuma matsalar mallakar adireshi. Ɗalibai da yawa suna fara samun imel ne a shagon kwamfuta lokacin rajistar JAMB ko neman aiki, inda wani ke buɗe musu ya riƙe kalmar sirrin. Wanda ba ya shiga akwatinsa ba zai ga saƙon tarko ba balle ya kai rahoto, kuma ba zai san an ƙwace asusun ana aika wa mutane saƙo da sunansa ba.

Batun harshe

Matatun saƙo suna koyo ne daga misalai, kuma mafi yawan misalan da ake da su na Turanci ne da sauran manyan harsunan intanet. Saƙon da aka rubuta da Hausa yana da siffofin da ke wahalar da na'ura. Mutane da yawa ba sa rubuta haruffa masu lanƙwasa, don haka ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b suna cakuɗewa. Najeriya tana rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ. Karin harshen Sakkwato da Ƙonni ya bambanta da daidaitacciyar Hausa, misali hwari a madadin fari, ko shina a madadin yana. Ga kuma cakuɗa Hausa da Turanci ko Faransanci a jimla ɗaya, da yawan amfani da saƙon murya. Zagi da habaici ma sukan dogara da ma'anar da sai ɗan gari zai gane. Saboda haka rahoton masu jin harshen yana da amfani na musamman, kuma idan ana rubuta ƙorafi ga kamfani yana da kyau a haɗa da fassarar saƙon da gajeren bayanin abin da yake nufi.

Iyakar tasirin rahoto

Kamfanin imel yana iya rufe asusun da ke ƙarƙashinsa ne kawai. Ba ya bayyana wa mai ƙorafi sunan mai asusun, sai hukuma ta nema ta hanyar doka, kuma sau da yawa ba ya sanar da matakin da ya ɗauka. Yawancin saƙonnin banza suna fitowa ne daga asusun da aka sace ko na'urorin da aka kama da muguwar manhaja, don haka sunan da ke kan saƙo yana iya zama na wanda shi ma aka zalunta. Idan mai laifi yana wata ƙasa, bincike yana buƙatar haɗin kan gwamnatoci. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Budafes kan laifukan intanet a 2022, kuma ita da Nijar duka mambobin Interpol ne, sai dai Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025.

Rahoton kuskure ma yana da illa. Danna maɓallin saƙon banza a kan wasiƙar makaranta ko ta banki na iya sa irin ta ta daina isa ga wasu. Don haka ake shawartar ɗalibai masu jiran sakamako ko gurbin karatu su riƙa leƙa akwatin saƙonnin banza, su mayar da duk saƙon gaskiya da ya faɗa ciki zuwa babban akwati, domin wannan ma gyara ne ga matatar.

Duba kuma

Illela
Birnin Ƙonni
Hukumar Sadarwa ta Najeriya
Hukumar EFCC
Damfarar 419
Tsaron intanet